Dirhami na Goma Sha Ɗaya

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, ya ku waɗanda Allah ya hutar da ƙafafunku. Ni ne Korau ɗan Jatau maƙerin fari, mutumin Kwalanga ta bayan koguna bakwai. Abin da zan faɗa muku ba jin sa na yi a bakin fatake ba. Idona ya gani, ƙafata ta taka, bayana kuma ya ɗauka.

A zamanin da kakannin kakanninmu ba su riska ba, an yi wata daula da ake kira Samburma. Sarakuna goma sha ɗaya suka mulke ta, maza da mata, kowanne ya buga dirhamin azurfa da sunansa da tambarinsa. Daga baya rairayi ya binne biranenta, sunayen sarakunan suka ɓace daga bakin mutane, ba su saura ko'ina ba sai a jikin waɗannan dirhamai da suka watsu cikin duniya. Mahaifinmu ya tsinci na farko cikin tarkacen azurfar da aka kawo masa ya narka. Ya kasa jefa shi a wuta. Daga ranar bai sake samun natsuwa ba, har ya koma ga Mahaliccinsa da guda biyar a ƙarƙashin matashinsa.

Mu biyu ya bari, ni da yayata Tabawa. Ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita kuma ta koyi karanta rubutun Samburma a gefen maƙerar Baba, lokacin da ni nake can ina harbin ƙadangaru. Shekarar da aka binne shi wani zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tafi da ƙafafunta duka biyu. Da ta farfaɗo sai ta kira ni ta ce, “Korau, saura shida. Ni ke da ido, kai ke da ƙafa. Ka nemo mana takarkari, san da zai ɗauke ni.”

Ina da shekara goma sha tara a lokacin. Na ɗaura mata kwando mai rumfa a bayan takarkari, na kama igiya, muka bar Kwalanga.

Ba zan ja ku da labarin guda huɗun da muka samu cikin shekara goma sha uku ba. Ɗaya a wuyan raƙumin wani makiyayi muka gan shi, ɗaya sai da na nutsa rijiya mai gaba arba'in, ɗaya wata amarya ce ta cire daga kitsonta ta miƙa wa Yaya don kawai ta ji daɗin hirarta. Labarina na biyun ƙarshe ne.

Na goma ya kai mu Duwatsun Hankaki. A can hankaka yakan kai girman rago, kuma ba abin da yake so a duniya irin abu mai ƙyalli. Mutanen gindin dutsen ba sa fita sai da faifai rufe da fuska, an yi masa 'yar tsaga, domin idon ɗan Adam ma ƙyalli yake yi, kuma tsuntsayen ba sa bambancewa. Wani madugu ya rantse mana cewa a gabansa hankaka ya fizge jakar wani attajiri, da dirhamin Sarauniya Kilmata a ciki, ya haye da ita sheƙarsa.

Na ɗaga kai na dubi bangon dutsen, sheƙuna jere a jikinsa har inda ido ya gaza. Na ce, “Yaya, wannan kam ba wurin hawa ba ne.”

Ta ce, “Za ka hau, amma ba da ido ba. Da kunne za ka hau.”

Ta sa na goge tasoshinmu na tagulla da toka har suka riƙa ɗaukar ido, na kai su can nesa cikin fili na kife. Da rana ta take sai tsuntsayen suka zubo kansu kamar hadari, suna ta faɗa. Ta ɗaure mini idanu da baƙin ƙyalle ninki uku, ta kwanta a gindin dutsen da faifanta, ta shiga kira. “Hannun dama, sama kaɗan. Akwai tsaga. Ɗora ƙafa. Kada ka yi hagu, babu komai a hagu.” Haka na hau, makaho, ina lalube. In na isa sheƙa sai in kwashe duk abin da na ji mai faɗi da kewaye in zuba a jaka, in sako mata da igiya. Kwana biyu muna haka, ba ta samu komai ba sai maɓallai da fasassun madubai.

Rana ta uku, ina durƙushe a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarma ba, sai na ji iska ta bugi ƙeyata, nauyi ya sauka a kafaɗuna. Wani tsohon hankaka ne da bai bi sauran ba. Faratansa suka shige namana, ya sa baki ya kama ƙullin ƙyallen yana ja. In na saki dutse in kore shi, na faɗo. In na ƙyale shi, zai kwance. Na manne da dutsen kamar tsaka, ina jin ƙullin yana sassautawa, ba abin da zan iya sai salati.

Sai na ji nauyin ya tashi. Jim kaɗan na ji ihun Yaya daga ƙasa.

Ashe wani guntun madubi ta ɗauka ta haska rana a jikin dutsen, tsuntsun ya bi hasken, daga nan ya gano inda hasken ke fitowa. Kafin in sauko ya yage mata bayan hannu har ƙashi. Na same ta cikin jini, faifai a fuska, tana dariya. Ta ce, “Zazzage jakar, Korau, zazzage.” A cikin wannan jakar dirhamin Kilmata yake, da hoton kifi mai wutsiya biyu.

Hannun ya kumbura, ya fara wari. Aka nuna mana gidan wata tsohuwa mai magani a ƙauyen gaba, ana kiranta Iya Tasalla. Ta wanke ciwon, ta ɗaure da ganye, sannan ta kara kunnenta a bayan Yaya ta daɗe tana saurare. Da la'asar ta yafito ni bayan rumbu.

Ta ce, “Ɗana, hannun zai warke. Ba shi ne abin ba. Tun yaushe take wannan tarin?”

Na ce, “Ya kai shekara uku, Iya.”

Ta girgiza kai. “Na daɗe ina sauraron ƙirazan mutane. Masu irin wannan ƙirjin tuni aka manta da kaburburansu. Bayan ikon Allah, ba abin da ke riƙe da baiwar Allahn nan sai abin da take nema. Ran da ta same shi, kada ka yi nisa da likkafani.”

Na ce, “To, Iya, me zan yi?”

Ta ce, “Da na sani da na faɗa maka.”

Na koma ɗaki na tarar Yaya ta jera goman a kan cinyarta, tana zana mini hoton na ƙarshe a toka da hannun hagu: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Ta ce na Sarki Hanzama ne, wanda kwana arba'in kacal ya yi a sarauta, shi ya sa dirhaminsa ya fi kowanne wuya. Idanunta suna ta walƙiya. Na kasa kallonsu.

Duk wanda muka tambaya, wuri ɗaya yake nuna mana, Birnin Mazuga. Birni ne da ke zaune tsakanin kwazazzabai biyu, ba hanyar kewaye shi. Sarkinsa ya kafa doka cewa ba sunan da za a gani a jikin ƙarfe sai nasa. Duk azurfar da ta shigo da tambarin wani, ƙwace ta ake yi a kai babbar matoya a narkar, mai ita kuma a ɗaure shi gindin zugazugi sai yadda hali ya yi. A ƙofar birnin akwai tunku guda shida, kowanne ya kai kare, an horar da su jin ƙanshin azurfa ko da an binne ta cikin buhun gero.

Yaya ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta aike ni na sayo kalwa. Ta dafa, ta rufe ta ruɓa, ta daka, ta mulmula daddawa kwando guda. Cikin guda goma ta tura dirhamai ta shafe bakin, ta sa su a ƙasan kwandon.

Da muka iso ƙofa aka sako mana tunku biyu. Na farko ya cusa hanci cikin kwandon, ya ja da baya yana atishawa, na biyu ko kusa bai zo ba. Har na fara jan igiya sai wani dogari ya ce, “Tsaya. Uwargida ta ce in samo mata daddawa.” Ya zura hannu har ƙasa, wai ta ƙasa ta fi yin kyau, ya zaro ɗaya. Na san tana cikin goman, don na ga yadda ta ɗan rinjayi yatsunsa.

Yaya ko gezau. Ta ce, “Ɗauki mana, ranka ya daɗe. Sai dai ta ƙasan ta masu jego ce, da magani na haɗa ta. Ka ja wa uwargida kunne kada ta sa maka a miya. Wani mutum a Kwalanga ya ci, bai yi mako ba rigarsa ta fara jiƙewa ta gaba da ruwan nono.”

Sauran dogarawan suka kwashe da dariya. Ya jefa ta cikin kwandon kamar ta ƙone shi, ya goge hannu a wando, ya ce mu wuce.

Muka sami ɗaki a unguwar baƙi. Ni kuwa na je matoya na nemi aikin kwasa, domin duk azurfar da aka ƙwace a gaban mai shebur take bi kafin ta shiga wuta. Kwana ashirin ina wannan aiki, zafi ya cinye mini gashin gira. Ina gani da idona ana zuba sunayen sarakunan ƙasashe cikin tukunya suna zama ruwa. Kullum zuciyata biyu: ina tsoron kada zalɓen ya wuce ban gani ba, ina kuma tsoron in gan shi.

Akwai wani dattijo mai tace azurfa a wurin, Baba Tunau, wanda tun yana saurayi aka ɗaure shi can, har aka manta laifinsa aka kwance shi, shi kuma bai san inda zai tafi ba. Ranar ta ashirin da azahar, mun koma inuwa shan ruwa, ya zauna kusa da ni bai dube ni ba.

Ya ce, “Masu sata suna duba nauyi. Kai hoto kake dubawa. Wanne kake nema?”

Da na ga ba shi da niyyar tashi, sai na zana zalɓen da yatsa a ƙasa, na share.

Ya ce, “Mai ƙafa ɗaya.” Ya rage murya. “Shekara talatin yana cikin bangon ɗakina. Ban san sunan mai shi ba, na dai ji ba zan iya narka shi ba. Akwai mai iya karanta shi?”

Na ce, “Akwai, Baba. Yayata.”

Washegari ya miƙo mini dunƙulen fura a cikin ganye, ya ce kada in dama sai na kaɗaita.

Na tsaya a wani lungu na fasa furar. Ga zalɓen, tsaye da ƙafa ɗaya, kamar jiya aka buga shi. Na riƙe shi na nufi masauki da gudu, har na ɗaga asabari, sai na ji tarinta. Tari ne mai tsawo, irin wanda in ya kama ta sai ta dafa ƙasa. Na saki asabarin a hankali. Na koma kasuwa wurin wani baduku, na naɗe dirhamin a tsumma na ce ya ɗinke mini shi a fata kamar laya. Na ɗaura a dantse.

Da na shiga ta ɗago kai ta ce, “Yau fa?”

Na ce, “Na sami labari, Yaya. Ba ya nan. An ce wani mai ayarin gishiri ya fita da shi gabas a ɓoye, ba da daɗewa ba.”

Ta rufe ido kaɗan, ta buɗe. Ta ce, “To, gabas. Allah ya kai mu.”

Sai da muka doshi ƙofar fita na tuna da tunku. Goman suna cikin daddawarsu, na goma sha ɗaya kuwa fata ce kawai tsakaninsa da hancinsu, kuma ba halin in nemi dabara wurin mai dabara. Na ɗebi daddawa cike da hannu na cusa a baki, na kwance layar na tura ta cikin kunci. Tunkun ya zagaya ni sau biyu, ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjina, ya shaƙi numfashina, ya sauka yana tirje hanci a ƙasa. Dogari ya tambaye ni inda muka nufa, na kasa amsawa, hawaye na zuba don ɗoyi. Yaya ta ce, “Ka yi haƙuri da shi, haka yake in ya tsorata, tun yana yaro.” Da muka yi nisa ta ce, “Kai kuma yaushe ka fara cin ɗanyar daddawa?” Na ce tsoro ne ya ruɗa ni. Ta yi ta dariya har tari ya ƙwace dariyar.

Wata biyar na yi ina jan ta a kan labarin da ni na ƙirƙira. In mun isa gari sai in shiga kasuwa ni kaɗai, in zaga, in dawo in ce mai ayarin ya wuce gaba. Na ɗauka zan riƙa zaɓar mana hanyoyi masu sauƙi, masu ruwa da inuwa. Amma Yaya ba ta barin magana ta wuce ta. Tana haɗa abin da na faɗa jiya da na shekaranjiya, ta tambayi masu masauki, har ta yanke cewa mai ayarin gishiri ba inda zai nufa sai Fakon Gishiri. Ƙaryata ta fi ƙarfina, ta kama igiyar ta ja mu can.

Fakon Gishiri fili ne fari fat, tafiyar kwana tara, ba itace ba tsuntsu. Ɓawon gishiri ne a sama, baƙin taɓo mai ɗaci a ƙasa. Ginshiƙan gishiri tsaye nan da can kamar mutanen da aka ce su jira. In ɓawon zai fashe yakan yi wani siririn kuka tukuna, kamar ana jan tsirkiyar goge, kuma duk wanda ya ji wannan kukan a ƙarƙashin ƙafarsa numfashi uku ya rage masa ya bar wurin.

Rana ta shida da hantsi muka ji shi. Na fizgo Yaya daga kwandon, ita kuma ta fizgo jakar dirhamai, muka faɗi gefe muka mirgina. Takarkarin ya burma har ƙirji. Shekara tara yana tare da mu, shi ne na biyu tun barinmu gida. Na kama igiyarsa na ja har tafin hannuna ya saɓule. Yana kallona, yana nutsewa kaɗan kaɗan, da salkunan ruwanmu biyu a bayansa. Sai da rana ta karkata hancinsa ya shige. Muna zaune muna kallo.

Na yage rawanina na goya ta kamar jaririya, salka ɗayar da tun farko take rataye a wuyana ce kawai ta rage mana, na ci gaba. Rashin nauyinta ya fi komai tsorata ni. Gishiri ya tsattsage mana leɓɓa, in ta yi tari sai in ji ɗumi a kafaɗata, ban juya na duba launinsa ba.

Washegari da rana tsaka ta sa bakinta kusa da kunnena. Ta ce, “Korau, ka yafe mini.”

Na ce, “Me kika yi mini, Yaya?”

“Na cinye maka ƙuruciya. Sa'anninka suna da 'ya'ya masu zuwa kiwo, kai kana goye da gurguwa a cikin gishiri.” Ta numfasa. “Ba zan fita daga nan ba, na sani. Ba mutuwar ke damuna ba. Baba ya tafi da saura shida, ni zan tafi da saura ɗaya. Ɗaya tak. Da ma ko sau ɗaya in ga sunan, in karanta shi da bakina, shi ke nan.”

Na yi taku kamar goma. Layar tana gugar haƙarƙarinta duk takun da na yi. In na ba ta, Iya Tasalla ta faɗa mini abin da zai biyo. In na hana ta, za ta mutu a bayana tana neman gafarar wanda ya zalunce ta. Na nemi hanya ta uku cikin kaina, sama da ƙasa, babu.

Na sauke ta a inuwar wani ginshiƙi. Na kwance layar, na farke ɗinkin da haƙori, na ɗora mata a tafin hannu.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya shi, ta bi rubutun da farce, leɓɓanta suna motsi. Ta ce, “Hanzama ɗan Kilmata.” Sannan ta ɗago. “Ashe ɗanta ne. Baba bai sani ba.” Sai fuskarta ta canza. Ta dubi fatar da ke hannuna, ta dubi shatin da igiyar layar ta bari a dantsena.

“Tun yaushe?”

Na ce, “Tun Mazuga.”

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta jefa dirhamin cikin jaka, ta juya fuskarta ga ginshiƙin.

Kwana biyu na ƙara ina goye da ita, ko tari ta yi sai ta kau da kai daga jikina. Ba abin da nake saurare sai numfashinta a wuyana. In ya jinkirta sai in tsaya cik, in ya dawo in ɗaga ƙafa. Ruwan ya ƙare. Ban san lokacin da farin ƙasa ya koma ja ba. Wasu mata masu ɗibar kanwa ne suka tsince mu a bakin fakon, suka kira mazansu aka kwashe mu zuwa ƙauyensu, Gangaren Ɗorawa.

Na kwana uku ban san inda nake ba. Da na farka abin da na fara tambaya shi ne ko an yi jana'iza. Matar maigari ta ce, “Jana'izar wa? Yayarka na can zaure, ta sha kunu har ludayi shida.”

Na same ta ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera goma sha ɗayan daga na farko zuwa na ƙarshe. Mutanen ƙauye sun kewaye ta. Ta karanta musu sunayen ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya haifi wani, da wanda ya gaji wani, karon farko da aka jera su a baki tun da rairayi ya rufe Samburma. Suka saurara da ladabi, suka ce madalla, Allah ya ji ƙan na baya. Sannan kowa ya ɗauki fartanyarsa, don ana sharar gona. Aka bar mu mu biyu da ƙyallen, da wata kaza tana tono a bakin ƙofa.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ashe shi ke nan.”

Na durƙusa na faɗa mata duk abin da Iya Tasalla ta ce a bayan rumbu. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, “Da kuma na cika a fakon nan kafin ka yi shawara fa?”

Wannan karon ban ƙago mata wata ƙarya ba.

“Ranar mutuwata ba a hannun tsohuwar take ba, ba kuma a dantsenka take ba.” Ta shiga naɗe ƙyallen. “Na yafe. Kada ka sake. To, yanzu ina muka nufa?”

Na ce, “Duk inda kika ce, Yaya.”

Ta ce, “Ni na gama cewa. Shekara goma sha huɗu ina nuna hanya kana bi. Yanzu kai za ka faɗa, ni in bi.”

Wallahi hawan Duwatsun Hankaki bai ba ni wuya irin wannan tambayar ba. Na san yadda ake gane rijiya daga nesa, na san gaisuwa cikin harsuna tara, amma ban san abu ɗaya da ni Korau nake so ba. Kwana bakwai ina zagaya ƙauyen kamar wanda ya yar da wani abu. Kowace safiya in na kai mata ruwan alwala sai ta ce, “Ina?” in ce, “Tukuna.”

Rana ta takwas ruwan farko ya sauka. Maigari ya ga ina tsaye ba aikin fari ba na baƙi, ya miƙo mini ƙwaryar iri ya ce in bi bayansa. Yana sara ina zubawa ina takewa da diddige. Da muka kai ƙarshen kunya na waiwaya na dubi sawuna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na tambaye shi kwana nawa gero ke yi kafin ya nuna. Ya dube ni kamar mai zolaya, ya ga da gaske nake. Na ratsa gonaki sun fi dubu, wasu ana shuka, wasu ana girbi, amma ban taɓa tsayawa na ga gona ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba.

Na koma da taɓo har gwiwa na ce, “Yaya, nan. Ina so in shuka abu in tsaya in ga ya nuna.”

Ta ce, “To, nan ɗin.”

Maigari ya yanka mini gona a bayan gari. Na sassaƙa mata allon maɗaci mai gurbi goma sha ɗaya, ta jera dirhaman a ciki, kowace Juma'a tana koya mini karanta ɗaya. Duk baƙon da ya sauka a garin akan kawo shi ya gani.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da wani madugu ya yada zango a ƙauyen, mutumin gaɓar Tekun Shuni. Ya tsuguna gaban allon yana bi da ido, sannan ya ce, “Kai, sannunku da aiki. Saura ɗaya ke nan.”

Na ce, “Sun cika, malam. Goma sha ɗaya ne.”

Ya ce, “Ni kuwa na ga wani a tsibirin masu jan lu'ulu'u, a hannun wata tsohuwa. Irin rubutun nan ne sak. Barewa ce a jiki, ta waiwayo baya. Har da ɗigo uku ɗin nan a ƙarƙashi.” Ya nuna gefen allon da ƙaramin yatsa.

Ɗigon nan uku ba kowa ke lura da su ba. Su ne Yaya take fara dubawa ta raba na gaske da na jabu. Na dube ta. Jinin fuskarta ya dawo, idanunta sun yi irin hasken da rabona da ganinsa tun gidan Iya Tasalla. Na fara lissafin inda zan sami wani takarkarin, da wanda zan bar wa gonar.

Ta dubi ƙafafuna, da ƙasar gona da ta bushe a jikinsu.

Sannan ta ce wa madugun, “Na jabu ne, malam. Maƙeran gaɓar teku sun iya kwaikwayo. Sarakunan Samburma goma sha ɗaya ne, ga su nan gabanka.”

Ya ce ita ta fi shi sani, ya sha ruwa, ya yi sallama.

Na ce, “Yaya...”

Ta ce, “Tashi ka je gona. Tun ɗazu nake jin tsuntsaye sun sauka.”

Ta ci tuwon girbin wannan shekarar, ta ci na shekarar da ta biyo, ta ce na farkon ya fi daɗi. Kabarinta yana gabas da gonar. Har ta koma ga Allah ba ta sake ambaton maganar madugun ba, ni ma ban tayar ba. Sau ɗaya dai, da wani yammaci, na dawo da wuri na hango ta a ƙofar zaure ta sunkuya tana zane a ƙasa da yatsa. Da ta ji takuna sai ta share da tafin hannu, ta ɗago tana tambayata ko na ga alamar hadari. Ba ta share duka ba. Ƙafafun barewar na baya suna nan. Na taka su na wuce, na ce mata akwai hadari a gabas.

Nan ƙafar Korau ɗan Jatau ta tsaya, nan kuma bakinsa zai tsaya. Allah ya sada kowane matafiyi da inuwar da zai sauke kayansa.